Da Sauƙi Gaisuwa Ce, Ba Amsa Ba

Zuwa ga Mushe,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Mai Cetonmu, tare da fatan wannan takarda za ta same ka ka sauka lafiya. Ubangiji ya tsare ka a hanyar Mayahi da yashinta, ya ba ka ɗaki mai rufi da maƙwabta masu tsoron Allah, ya sa mutanen da aka tura ka wurinsu su karɓe ka hannu biyu.

Na san za ka yi mamakin ganin rubutuna a jakarka, ƙarƙashin ƙullin garin kunu. Ƙanwarka Rifkatu na sa ta cusa maka. Gida ɗaya muke kwana, tukunya ɗaya muke ci, amma kai ɗan fari ne, ni kuwa irin matan da ce. Ko sunanka ban taɓa kamawa ba, sai da gwamnati ta ba ka aikin koyarwa, kowa yana ce maka Mushe, yadda ake kiran malamin boko a nan Nijar, sannan ni ma na sami abin kiranka. Abin da zan faɗa kuma maganar ciki ce da bayan gida. Idan na ce zan zaunar da kai, ni zan dubi ƙofa, kai ka dubi ƙasa, mu tashi ba a ce komai ba. Shi ya sa na ɗauko bokon da muka koya a ajin mata na majami'a. Ka yi haƙuri da karkatar layukan, hannun da hauya ya saba.

Ga abin da ke raina. Akwai ƙodata a jikinka, nan ƙasan cikinka inda likitocin Kano suka dasa ta. Akwai kuma ciwon hanjin nan da ya same ka bayan dashen, wanda aka ce ba ya warkewa, kwanciya kawai yake yi ya sake tashi. Duk ranar da ya tashi ka yi shiru, ƙodar ce za ta ji a jikinta. Yanzu ga shi an tura ka lakwal, makarantar ƙauye can bayan Kanan-Bakashe, inda babu ni, babu Rifkatu, babu wanda zai dubi fuskarka da safe ya gane. Kai kuwa na san ka. Kana iya kwanciya rai a hannun Allah, a tambaye ka, ka yi murmushi ka ce da sauƙi. Ba zan ɗora maka laifi ba, don a bakina ka koya.

Ina ƴar yarinya aka yi farin nan babba, wanda shanu suka yi ta faɗuwa a bakin rijiya, wanda kuma a cikinsa sojoji suka fara karɓar mulkin ƙasar nan. Innata, kakarka da ba ka sani ba, ƙafafunta suka kumbura don yunwa, in ka danna da yatsa sai wurin ya lotsa. Mata suna shigowa dubiya, "Sannu, ya jiki?" Ita kuma daga kan tabarma, "Da sauƙi." Ranar da ta kasa ɗaga kai ma abin da ta ce ke nan, kuma ba ta ga girbin shekarar ba. Ni a lokacin ban ga aibu a ciki ba. Mutunci na ɗauke shi, na ce haka mace mai daraja take yi. Zamani ma ya taya ni, don a mulkin soja na wancan lokaci ko kalmar yunwa sai an waiga kafin a faɗe ta.

Kai ma cikin wani farin aka haife ka. Ba za ka tuna ba, amma kana ɗan ƙarami matar fasto ta shigo gidanmu wata bazara, rumbu ya kusa kai ƙasa, ta ɗaga ka ta ce, "Ɗan baba, kana lahiya?" Ka buɗe baki ka ce, "Cikina na ciwo, tun jiya ba mu ci tuwo ba." Tana fita na ja ka bayan rumbu na murɗe maka kunne.

Na ce, "In anka tambaye ka, mi za ka ce?"

Kana kuka ka ce, "Lahiya lau."

"In ba ka da lahiya hwa?"

"Da sauƙi."

Na ce madalla. Ban taɓa koya wa yaro abu ya kama shi da wuri irin wannan ba. Da haka ka kama lissafi, da yanzu kana Yamai ana buɗe maka ƙofar mota. To yau ina warware abin da na ƙulla. Gaisuwa a amsa ta yadda aka saba, ban ce ka riƙa tare mutane a hanya da labarin hanjinka ba. Amma akwai waɗanda tambayarsu ba gaisuwa ba ce: likitarka, majo mai jinyar da ke riƙe da ƙaramin asibitin da ya fi kusa da kai, da kuma ni. Mu idan mun tambaya, so muke mu ji.

Lokacin da ƙodojinka suka gaza, ba ka daɗe da fara aiki ba, ai ba kai ka faɗa ba. Fuskarka ce ta faɗa, da ta kumbura har idanu suka shige. Kawunka Alhaji, yayana mai shagon atamfa a Tasawa, shi ya tsaya tsayin daka. Shi da sallarsa, mu da majami'armu, amma ranar da ya gan ka ya rufe shago ya ce Kano za a tafi. Ka san sauran. Aka yi ta wankin ƙoda, aka yi ta jira, dangi da ƴan majami'a da abokan kasuwar kawunka kowa ya kawo abin da Allah ya hore masa, har aka yi aikin. Aka cire tawa guda aka sa maka. Da na farfaɗo, abin da na fara tambaya shi ne ko ka yi fitsari, ni da ko sunanka ba na faɗa. Aka ce ka yi, da yawa ma. Ban taɓa jin daɗin labarin fitsarin wani kamar ranar ba.

Da muka dawo gida na yi abin da a ganina godiya ce. Ranar Lahadi na miƙe a gaban jama'a na ba da shaida, na sa ka tsaya kusa da ni, na ce Ubangiji ya warkar da ɗana sarai, an gama. Mata suka rangaɗa guɗa, aka yi ta waƙa. Alhali likitar da ta sallame mu ba ta ce an gama ba. Cewa ta yi za ka sha magani muddin rai, kuma duk abin da ya canza a jikinka a sanar da ita. Ni ce farin ciki ya sa na ƙara gishiri, ban san bakinka nake ɗaurewa ba. Wanda uwarsa ta tsayar a gaban majami'a ta ce ya warke, kuma da naman jikinta aka yi maganin, da wane ido zai dawo ya ce ga wani ciwon? Daga baya ka gaya wa Rifkatu gani kake kamar butulci ne, ga Allah da kuma ni. Mushe, ciwo ba butulci ba ne. Godiyata ga Ubangiji tana nan ba ta ragu ba. Amma idan ka sami ƴan'uwa masu bi a can suka ce ka tashi ka ba da shaida, ka ba da ita cikakkiya. Ka ce an yi mini dashe, ina shan magani, ina kuma da wani ciwon, ku sa ni a addu'a.

Kana gida kana hutun jinya aka shiga shekarar nan da damina ta yanke, gero ya tsaya iya gwiwa ya bushe, sojoji kuma suka sake karɓar mulki muna ji a rediyo. Gari ya koma ga cin ganye da anza, ƴaƴan itacen dajin nan. Ka san anza, in ba ta jiƙu ɗacinta ya fita ba, ba ta barin ciki lafiya, don haka kusan kowane gida ana zawo. Kai mun keɓe maka geron da kawunka yake aikowa, amma da na ga butarka ba ta hutawa sai na ce ai abin shekarar ne, kowa ma haka yake. Na ga wando ya fara zamewa daga ƙugunka. Na ga kana ture tuwo kana riƙe mara. Ban tambaye ka ba, don uwa ba ta yi wa ɗan fari irin wannan tambaya. Sai in aiki Rifkatu, ta je ƙofar ɗakinka ta ce, "Yaya, inna ta ce ya jiki?" Ta dawo ta ce, "Ya ce da sauƙi." Ni kuma in ce to madalla, in koma kan turmina. Mu uku muna wasa da ranka cikin ladabi, wata da watanni.

Ranar da Rifkatu ta ɗaga katifarka za ta yi shara ta sami wandon da ka ɓoye, da jini da majina a jiki, ta kawo mini. Nan da nan na sama wa abin suna, na ce basir ne. Ka san mu, duk abin da ya fito ta ƙasa da jini basir ne, kuma kowa likitansa ne. Marigayi babanka ma ya yi fama da shi, sai na ce gado ne. Ranar kasuwar Tasawa na je wurin mai sassaƙe, na ja gyale na rufe rabin fuska, na ce ɗan maƙwabta ne ba lafiya. Ya ce, "Basir na, Hajiya, mai jini. Ki jiƙa wanga da jar kanwa, shi sha sahe da marece." Ban gaya masa Hajiyar nan iyakarta Kano ba, ban kuma gaya masa mai shan da ƙoda guda yake rayuwa ba. Na kawo maka, ka karɓi ƙoƙon ka shanye ba musu. Daga baya likita ta ce kanwa da jiƙon da ba a san abin da ke cikinsa ba duk ƙodar ce take tace su, ita kaɗai, kuma sun ba ta wahala.

A ƙauyen da za ka, za su so ka, don kai mai shiga rai ne. Da zarar an ga ka rame, tsofaffi za su fara aiko maka da jiƙo. Ka karɓa hannu biyu, ka yi godiya, idan an tafi ka zuba a gindin darbejiya. Haka masu yawo da magani a kan keke ranar kasuwa. Ƙwayoyin ciwon jikin nan da manoma suke sha kamar gyaɗa, likita ta ce suna tayar da ciwon hanjin, suna kuma cin ƙoda. Ko kanka zai rabe biyu kada ka saya. Wanda ta rubuta maka na ciwon kai, shi kaɗai.

Wanda ya fi ci mini rai shi ne na ƙwayoyin dashen. Jiƙo bai yi ba, zawo ya ƙaru, sai na zauna na yi nawa tunanin. Na ce yaro ba abinci a ciki, ana ta ɗura masa ƙwayoyi safe da yamma, ai dole hanji ya tsage. Wannan karon ban aiki Rifkatu ba. Na tsaya bayan ƙofarka na ce, "Mushe, ka aje ƙwayoyin ga har cikin shi lahwa." Ka ce, "To, inna." Kai da ka yi boko, ka san su ne suke hana jikinka korar ƙodar, an gaya maka da Hausa an gaya maka da Turanci. Amma inna ta ce. Ba a daɗe ba fitsari ya ragu, ƙafa ta fara hawa. Na danna da yatsa wurin ya lotsa, sai na ga ƙafar innata a gabana. Nan take na aika Tasawa a kira kawunka.

Biyayya ga iyaye abu ne mai kyau, kuma ban taɓa kuka da kai a kanta ba. Amma a kan ƙwayoyin nan ba ka da uwa. Ko ni, ko fasto, ko wani mai addu'a da zai zo ya ce ka zubar da magani don a ga bangaskiyarka, ka ce masa ka ji, ka juya ka haɗiye abinka a kan lokaci. Kada kuma ka bari sai sun kusa ƙarewa sannan ka aika, hanyar can da damina ba ta da alkawari.

Da kawunka ya zo, abin da ya fi ba shi haushi ba jiƙon ba ne. Ashe duk tsawon lokacin nan kana zuwa awon jini Maraɗi yadda aka ce, kana ganin likita ido da ido. Likitan can ba Bahaushe ba ne, da Faransanci kuke magana. Ya tambaye ka yadda jikin yake, kai kuma ka ɗauki "da sauƙi" ɗinmu ka juya masa ita zuwa Faransanci. Su kuwa a wurinsu in mara lafiya ya ce haka, to sauƙin ya samu da gaske. Awon farko-farko bai nuna komai a ƙoda ba, tunda a hanji abin yake. Bawan Allah ya rubuta an sami sauƙi, ya sallame ka, kuma ba shi da laifi ko kaɗan. Kawunka ya cire hula ya ajiye a gwiwa ya ce, "Kai wane irin mushe na? An tambaye ka ciwo, ka amsa gaisuwa! In mutum ya shigo shagona ya ce nawa atamfa, sai in ce mishi lahiya lau?" Ba wanda ya yi dariya a lokacin. Washegari muka kama hanyar Kano.

Likitar da ta san mu tun dashen muka tarar. Aka turo ka a keken marasa lafiya, ko zama ba ka iya yi da kyau. Ta ce, "Sannu Malam, ya jiki?" Ni da kai baki ɗaya muka ce, "Da sauƙi." Ta dube ka, ta dube ni, ta ajiye biro.

Ta ce, "Alhamdu lillahi, mun gaisa. Yanzu kuma sai aiki. Sau nawa kake zagawa a yini? Akwai jini? A gauraye yake fita ko daga baya yake ɗiga? Akwai maganin da ka daina sha?"

Ka ɗago ka dube ni, ka sunkuyar da kai. Ta gane, ta ce, "Mama, ko za ki ɗan ba mu wuri?" Na miƙe har na kai ƙofa. A nan na ga cewa idan na fita, na sake koya maka wannan magana abin kunya ce, a gaban mutuwa ma. Na dawo na zauna.

Na ce, "Likita, zawo shikai, da jini da majina, tun kahin lokacin girbi. Ni na ba shi jiƙo da kanwa, ni kuma na ce shi aje ƙwaya. Mushe, hwaɗa mata sauran."

Har yau ban san inda na samo bakin ba. Kawunka ya juya yana karanta wata takarda a bango kamar ya iya Turanci. Kai kuma ka fara magana, a hankali, idonka a kan takalminta. Ka faɗi murɗawar ciki, ka faɗi yadda kake jin kashi ya matse ka ka je ba abin da ke fita sai jini, ka faɗi zazzaɓin da kake ɓoyewa. Ina zaune ina jin abin da ya faru a cikin gidana, bango ɗaya tsakaninmu, kamar labarin wani gari. Na yi kuka a ranar, ba na kunya ba, na baƙin ciki.

Aka kwantar da kai aka yi ta ƙarin ruwa, aka mayar da kai kan magani. Suka nemi tsutsa da ƙwayoyin cuta iri-iri, don ta ce mai dashe abubuwa da yawa suna iya sa shi zawo, sai an bi su ɗaya bayan ɗaya. Ba su sami ko ɗaya ba. Sannan aka zura maka siririn tiyon nan mai fitila aka leƙa hanjin, aka ɗebo ɗan tsoka aka kai awo. Da sakamako ya fito ta kira mu. Ta ce ba basir ba ne, ba atuni ba ne, ba kuma anza ba ce. Babban hanji ne ya kumbura ya yi miki daga ciki, kuma sojojin jikinka ne da kansu suke yaƙarsa.

Na ce, "Ba ku kunka ce ƙwayoyin ga kwantar da sojojin jiki sukai ba?"

Ta ce, "Haka ne, Mama, shi ya sa mu ma yakan ba mu mamaki. Ba kasafai yake faruwa ba, amma yana faruwa. A kwantar da su ta nan, su ɓullo ta can. Ba mu gama sanin dalili ba."

Kawunka ya ce, "Likita, mu ƴan Nijar mun san dalili. Soja ai ba a ce mishi zamna bariki shi zamna." Sai da ta rufe baki da hannu.

Ta ce mini akwai ƴar gaskiya a zargina, don ɗaya daga cikin ƙwayoyin tana iya damun hanji, kuma ta canza maka ita da wata, ta ƙara da na hanjin. Amma ta ce canzawa aikinta ne, ajiyewa kuwa ba aikin kowa ba ne. Ta bayyana mana cewa zawo yana busar da ruwan jiki, yana kuma hargitsa ƙarfin maganin a cikin jini, duka biyun kuma a kan ƙodar suke sauka. Game da ƙodar ta ce ta tsira, amma ta ji jiki, ba za ta koma yadda take ba. Wannan kalma ita ce take hana ni sakewa tun da aka kawo takardar tura ka aiki.

Na tambayi direban da ke zuwa wajen ranar kasuwa, ya ce lakwal ɗin rumfar kara ce, babu salga, yara daji suke zuwa. To kafin ka nemi gado ka nemi mai haƙa, a yi maka ita kusa da ɗaki, a kewaye da zana. Ka sami darektanku tun ranar farko ka gaya masa ciwonka da sunansa, kada ka ce masa ɗan ciwon ciki ne. Kada ka tsaya a gaban allo kana haɗa gumi kana matse ciki don kada yara su ce mushe ya cika fita. Yara za su yi dariyarsu su gaji su manta. Ruwan rijiya ka tafasa shi ko da za su ce kai Nasara ne. Iyayen yara za su riƙa aiko maka da kwano, ka san abin da cikinka ba ya so, yaji mai yawa da mai da ɗanyen nono, ka ci wanda za ka iya, sauran ka ba maƙwabta. Idan kuwa ka ga jini ya dawo, ko zazzaɓi, ko fitsari ya ragu, ko wurin dashen yana ciwo, kada ka ce bari a yi hutu, kada ka ce bari motar kasuwa ta zo. Ko amalanke ce ka hau ka fito titi.

Rifkatu ba ta iya riƙe magana, don haka labarin ƴar Urafan ɗin nan ya iso kunnena tuni, ka daina sunkuyar da kai in an ambaci garin. Ba ni da abin cewa sai fatan alheri. Amma kafin a kai komai gidansu ka zaunar da ita ka gaya mata duka, har da na hanjin, wanda ya fi wuyar faɗa. Idan ta ji ta tsaya, ka sami mata. Idan ta ji ta gudu, ka bar ta ta tafi lafiya, kada ka riƙe ta a rai.

Idan ka sami wurin da waya take kamawa, ka kira wayar Rifkatu ta miƙo mini. Zan ce ya jiki, ka ce da sauƙi, don ba za mu zama marasa tarbiyya da tsufana ba. Bayan nan zan yi shiru. Wannan shirun tambaya ce, kuma ba zan mayar mata da wayar ba sai ka amsa.

Saura magana ɗaya. Zuwanmu Kano na ƙarshe kana zaune na yi ta, ka yi kamar kana duba takardun magani, to bari in rubuta maka ita yadda ba za ka iya kau da kai ba. Na ce wa likita, "In wagga ta lalace, ga guda nan ta rage, ku ɗauka." Ta yi murmushi, ta ɗauka wasa nake yi. Da ta dubi fuskata sai ta daina. Ta ce, "Mama, ba a ɗaukar ta ƙarshe." Na ce ni na tsufa, na haifi waɗanda zan haifa, na noma abin da zan noma, ni na yarda, a kawo takarda in dangwala hannu. Ta ce ko na yarda babu likitan da zai yi wannan aiki, a Kano ko a wata ƙasa. Na ce Rifkatu fa? Ta ce an gwada tun farko, jininku bai zo ɗaya ba. Kawunka kuwa ciwon suga ya hana.

To ka ji, Mushe. Na roƙa an hana ni. Duk abin da ka taɓa nema a wurina, in babu a ɗaki nakan fita in nemo, amma wannan ba ni da wata da zan ba ka. Wadda ke jikinka ita ke nan.

Ubangiji ya riƙe ta, ya riƙe ka. Ya kwantar da ciwon nan, in kuma ya tashi ya buɗe maka baki da wuri. Ya ba ku damina mai albarka a can, ya ba ƙasarmu zaman lafiya. Ya sa kai za ka tsaya a bakin kabarina, ba ni zan tsaya a bakin naka ba. Amin.

Ni ce mahaifiyarka,
Saratu, daga gida, kusa da Baudeta.